Daga Farar Ƙasa Zuwa Gwangwani: Wa Ke Duba Fentin Talaka?

Yau maganata a kan bango ce. Na san wani zai yi dariya, ya ce ana fama da tsadar hatsi da kuɗin taki, shi kuwa wannan ya zo mana da zancen fenti. To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka bi ni har ƙarshe. Bangon nan da ka ke rainawa, shi ɗanka ke dafawa sa'ad da ya ke koyon tafiya. Shi ya ke lasa, ɓawonsa ya ke tsinta a ƙasa ya kai baki. In akwai cuta a jikin bangon, a jinin ɗanka za ta ƙare. Saboda haka zancen fenti zancen 'ya'yanmu ne, kuma zancen haƙƙinmu ne a wurin waɗanda ke karɓar harajinmu.

BANGON KAKANNINMU

Duk wanda ya yi wayo a Bagudo, ko Illo, ko Lolo, ko Ka'oje, ko Zagga, ko Tsamiya, in ya kai shekara hamsin, ya san yadda a ke gyara ɗaki a da. In salla ta ƙarato, ko za a kawo amarya, ko an gama kaka hankali ya kwanta, sai mata su ɗauki ƙwarya da 'yar fartanya su nufi inda a ke haƙar farar ƙasa. Su jiƙa ta a tukunya ta kwana, su dama, su tace, sa'an nan su ɗauki tsumma ko tsintsiya su yi shafe. Wata ta zagaye gindin bango da jar ƙasa don kada dauɗa ta nuna. Mai son ado ta ɗiga ɗan shuni, farin ya ƙara haske. Kafin la'asar ɗaki ya zama sabo, ba a ci bashin kowa ba.

Daga waje kuwa, maganin ruwan sama yana rataye a bishiya. Ɗorawa ce. A sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba. Ruwan makuba shi a ke yayyafa wa daɓe ana buga shi har ya yi ƙarfi ya yi sheƙi, shi a ke cuɗawa da ƙasar yaɓe don damina ta zo ta wuce bango na nan. A manyan birane kamar Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya, magina suna da abin da ya fi wannan, watau laso. Katsi a ke kwashewa daga gindin rijiyar rini, a busar, a ƙona, a daka. A haɗa shi da gashin jima daga wurin majema, a kwaɓa da yauƙin saiwar dafara. Da shi a ke shafe kan soro, ruwa ya zuba ya gangara.

Ku dubi yawan hannun da ke ci daga bango guda. Marini ya sayar da abin da zai zubar, majemi haka, mai ɗorawa haka, magini ya sami aiki. Kuɗin bai ƙetare kogi ba, balle teku. Abu mafi girma kuwa shi ne, mai ɗaki ta san abin da ta shafa. Ita ta haƙo, ita ta dama, ita ta tace.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Farar ƙasa tana bin riga in ka jingina. Ruwa in ya bugi bango yakan wanke ta. Kowace shekara sai an sake, wahalar kuma a wuyan mata ta ke. Har wa yau tsofaffi ba su manta ba, a zamanin En'e gwanintar talaka ba shi kaɗai ke morarta ba. In an ce Razdan ko Gwamna na tafe, sai a kaɗa mutane su yi yaɓe da shafe a gidajen masu mulki da bakin hanya, ba ko anini. Irin wannan aikin tilas yana cikin abubuwan da NEPU ta tashi yaƙi da su tun kafuwarta a Kano a 1950. Ba mu ce a koma can ba.

YADDA GWANGWANI YA SHIGO

Da farko fenti kayan kanti ne. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC ke kawo shi ta jirgin ruwa, ba ka ganinsa sai a bariki da ofisoshi da gidan attajiri. A 1959 aka kafa kamfanin da a yau a ke kira Berger Paints, wanda ya yi masana'antarsa a Ikeja, daga nan aka shiga dama fenti a cikin Nijeriya, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. A 1967 masana'antar siminti ta Kalambaina, kusa da Sakkwato, ta fara aiki. Da kuɗin man fetur suka zubo a shekarun 1970, sai kwano ya hau kan ɗaki, bulo ya ture tubali, siminti ya ture yaɓe. Bangon siminti kuwa fenti ya ke nema.

Abin bai tsaya a kan kaya ba, har cikin zuciya ya shiga. Aka wayi gari gidan ƙasa ya zama abin gori, farar ƙasa ta zama shaidar rashi. Iyayen yarinya su tambaya, ɗakin da za a sa ta an yi masa fenti? Saurayi ya sayar da buhun shinkafar da zai ci da damina don kada a ce ya gaza. A ɗaya gefen kuma saiwar tsohuwar sana'a tana ta bushewa. Atamfar waje ta kashe marina da yawa, katsi ya yi wuya. Masu gawayi da itace sun sa wa ɗorawa gatari. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa na Jihar Kabi ta rusa gidajen bakin Kwara, ta ƙara tura mutane ga bulo, don wanda ɗakinsa ya narke a gabansa ba ya son ya sake ginin ƙasa a wurin. Wa zai ga laifinsa?

Yau in ka shiga shagon kayan gini za ka tarar da iri biyu manya. Akwai fentin ruwa, wanda a ke sirkawa da ruwa, yana zuwa a bokitin roba, babba mai lita 20, ƙarami mai lita 4. Shi ya yaɗu a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana bushewa da wuri, warinsa kaɗan ne. Akwai kuma fentin mai, mai sheƙi, na gwangwani, wanda a ke sirkawa da tina ko kananzir, a shafa wa ƙofa da taga da ƙyauren ƙarfe da gindin bango. Gaskiya ɗaya ce, amfaninsu a fili ya ke. Ba sa bin riga, ana goge dauɗa da ruwa, ƙarfe ba ya tsatsa da wuri, samari da yawa kuma da burushi da rola su ke ciyar da iyayensu. Mu ba abokan gaban ci gaba ba ne. Tambayarmu ita ce, me ke cikin gwangwanin, wa kuma ya duba?

FARAR ƘASARMU A CIKIN BOKITINSU

Fenti ba tsafi ba ne. Abu huɗu a ke haɗawa: garin launi, da danƙon da zai riƙe shi a bango, da ruwa ko man da zai sa ya shafu, da garin da a ke cika bokiti da shi don ya yi kauri ya rufe bango. Farin gari mai tsada, wanda a ke kira taitaniyam, daga ƙasashen waje a ke sayo shi da dala, haka ma yawancin sinadaran danƙon. Garin cikon fa? Garin farar duwatsu ne da farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin.

To, ku saurara. Masana ma'adinai sun daɗe da rubuta cewa akwai kawolin a yankin Illo da Ka'oje. Har wani shimfiɗin ƙasa mai ɗauke da farin yumɓu sunan Illo suka sa masa a littattafansu. Watau dangin abin da kakarka ke ɗebowa da ƙwarya kyauta, shi a ke wankewa a niƙa a wata jiha, a zuba a bokiti, a manna takarda mai launi, a ɗoro a mota tun daga Ikko ko Kano, a kawo maka ka saya da kuɗin tunkiya. An ce maka farar ƙasa ƙauyanci ce, ashe ita ka ke saye da tsada ba ka sani ba. Tun 1991 aka yanke Jihar Kabi daga ta Sakkwato. Gwamnatoci nawa suka zo suka wuce? Ina wurin wanke farar ƙasa da niƙa ta da aka kafa mana a nan, inda samarinmu za su sami aiki maimakon su ƙare a kan babur suna fasa-ƙwauri cikin dare? In ka tambayi jiha, a ce ma'adinai na Tarayya ne, haka tsarin mulki na 1999 ya ce. In ka tambayi Tarayya, Abuja ta yi nisa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun da rabin bokiti da dala a ke sayensa, duk tarin da naira ta yi sai bangon talaka ya kama mura. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Mu da ke bakin iyaka ba sai an karanta mana jarida ba, a hannun 'yan canji muka ga sefa ta yi fiffike. Da kaya suka yi tsada, ina talaka zai nufa? Wurin mafi araha. Sai ya sayi wanda aka juye a galan marar suna, ko wanda takardarsa ba ta da adireshi, ko wanda aka tsinka da ruwa har ya zama kamar kunu. A nan ne babbar maganar ta ke.

GUBAR DA BA TA DA ZAZZAƁI

Kowa ya san dalma. Ita ce ƙarfen nan mai nauyi da masunta ke ɗaura wa bakin birgi don ya nutse, ita ce kuma a cikin batirin mota. Shekaru aru-aru masu yin fenti suna zuba sinadaranta a fentin mai, don launi ya yi kyau, ya bushe da wuri, ya hana tsatsa. An fi samunta a launuka masu ɗaukar ido, rawaya da ruwan lemo da ja da kore. Fentin ruwa galibi ba a sa masa.

Muddin fenti na manne lafiya, cutar tana barci. Amma rana da iska da damshi ba sa barin bango. Sai ya fara ɓarewa, ƙofa da taga suna gogar juna suna zubar da gari, garin ya gauraya da ƙurar ɗaki. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya sa hannu a baki. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, balle yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Tana tafiya ƙwaƙwalwa, ɓarnar da ta yi a can kuwa ba ta gyaruwa. Mai ciki ma tana miƙa wa abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Abin tsoro shi ne, sau da yawa ba zazzaɓi, ba ƙurji, ba kuka. Yaro dai ya taso ba ya riƙe karatu. A makarantar allo a zane shi, a ta boko a ce daƙiƙi ne, a gida uba ya ce bai gado shi ba. Ba wanda zai kalli tagar nan mai rawaya da yaron ya yi shekara biyu yana gwaguya. Sai an auna jini a ke ganewa, ina kuwa wurin awon a kusa da mu?

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin sunan dalma ba ne. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sun binne yara fiye da 400, saboda ƙurar duwatsun zinariya da a ke daka su a cikin gidaje. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka san abin da ke kashe su. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Wancan na ma'adinai ne, ya zo da yawa, ya kashe a fili. Na fenti a hankali ya ke zuwa, ya bar yaro da rai ya rage masa basira. Guba ɗaya ce. A 2020 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya, watau kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini da yawan da ya isa a damu. Hanyoyinta suna da yawa, har da fasa tsofaffin batura, har da wani irin kwallin dutse da iyayenmu mata ke sa wa jarirai. Kun ga ba duk abin gargajiya ne mai tsabta ba. Amma fenti yana cikin hanyoyin da suka fi sauƙin toshewa, don da gangan a ke zuba dalmar, a kuma iya bari.

Duniya ta san wannan tun da daɗewa. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana shafa farin fentin dalma a cikin gidaje. Amurka ta hana shi a fentin gida a 1978. Man fetur mai dalma an daina sayar da shi ga motoci a duniya duka a 2021. Iyakar da masana suka tsayar ga fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan ɗaya. Ga 'yan kasuwa masu lissafi da buhu, watau in busasshen fenti ya cika buhu mai kilo 100, dalmar da ke ciki kada ta wuce giram 9.

Mu fa? A 2007 wasu masana suka auna fentin mai da a ke sayarwa a Ibadan, suka tarar kusan duka ya wuce ƙa'ida. A wani binciken da aka wallafa a 2017, ƙungiyar SRADev da ƙungiyar IPEN sun sayi gwangwanaye a kasuwannin Ikko sun kai awo. Kusan uku cikin kowane huɗu sun wuce 90 ɗin nan. Fiye da rabi sun haura 10,000, watau kilo guda cur a cikin buhun da aka ce kada ya wuce giram 9. Amma ku lura, a cikin awon nan an sami waɗanda suka fito da tsabta. Ashe ana iya yin fenti mai kyau ba dalma a ƙasar nan, akwai kuma masu yi. Mai saye ne ba shi da hanyar bambancewa, don ido ba ya gani, hanci ba ya ji.

SHINGE GOMA, BA MAI BUƊE GWANGWANI

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Akwai hukumar SON mai tsayar da ingancin kaya, akwai NESREA mai kula da dokokin muhalli, kuma ƙa'idar 90 ɗin nan tana rubuce a takardun gwamnati. Madalla. Amma takarda ba ta tafiya kasuwa da ƙafarta.

Ku 'yan kasuwar da ke bin hanyar Tsamiya zuwa Segbana a ƙasar Benin, da masu shiga kwalekwale daga Lolo su nufi Malanbil, ku ne shaidu. Shinge nawa ku ke tsayawa kafin ku kai? Mudun shinkafa ba ya wucewa ba a gan shi ba. Jarkar fetur ba ta wucewa ba a shinshina ta ba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya saboda shinkafa, aka fi shekara a haka, 'yan'uwa na ciki ɗaya, Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa, aka raba su da kasuwanninsu na kaka da kakanni. Gwamnatin da ke da ƙarfin yin wannan, ba za ta ce ba ta da ƙarfin auna gwangwani ba. Ni dai tun da na ke, ban taɓa ganin wani ma'aikaci ya shigo shagon fenti a kasuwarmu ya ɗauki gwangwani ya ce zai kai awo ba. Mai karɓar kuɗin rumfa kuwa ba ya makara ko ran da a ke ruwa.

Kaya kuma ta fuska biyu su ke tafiya. Fentin Nijeriya yana ƙetarawa Benin, wani kuma yana shigowa daga can da rubutun Faransanci wanda mai saye ba ya iya karantawa. Na gida ma da Turanci a ke rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe. Yaron Segbana da yaron Tsamiya jini ɗaya ne, dalma ba ta tambayar fasfo.

Wani abin takaici, masu mulki sun fi kowa son fenti. In zaɓe ya zo, bangon talaka ya zama allon jam'iyya, a shafe shi da launinsu ko bai yarda ba. In babban baƙo zai zo, a shafe gaban makaranta, bayanta kuwa rufi ya yaye, yara na zaune a ƙasa. A ba ɗan kwangila aiki, ya nemi mafi arahar gwangwani don ribarsa ta ƙaru, ya shafa wa tagogi da ƙofofin ajin da 'ya'yanmu za su yini a ciki. Jiya farar ƙasa don idon Razdan, yau fenti don idon mai girma. An canza tsumma, shafen dai ɗaya ne.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, kowane gwangwani da bokitin da za a sayar a ƙasar nan ya zo da sunan mai yi da adireshinsa, da bayani a fili, har da Hausa, cewa ba a zuba masa dalma ba. Wanda ya yi ƙarya a kama shi, tun daga masana'anta.

Na biyu, a riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwanninmu da bakin iyaka ana aunawa, a karanta sakamako a rediyo da sunayen kaya, don mai saye ya san na gudu da na kama. Akwai na'urar hannu da ke nuna dalma nan take. Kuɗinta bai kai na motar rakiya guda ba.

Na uku, kada wannan ya zama sabuwar ƙofar tatsar ƙaramin ɗan kasuwa. Mai shago ba shi ya dama ba, saya ya yi kamar kowa. Samarin da ke haɗa fenti a ƙananan wurare talakawa ne 'yan'uwanmu, a koya musu garin launin da ba shi da dalma, a sauƙaƙa musu samunsa. Mai kamfani da mai shigo da sinadari su ne za su amsa tambaya.

Na huɗu, duk kwangilar makaranta da asibiti da gidan marayu a rubuta a cikinta cewa fenti marar dalma za a shafa, a kuma auna kafin a biya. A sa kayan awon jinin yara a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma.

Na biyar, jiha da Tarayya su daina jefa wa juna ƙwallo a kan farar ƙasar Illo da Ka'oje. A auna yawanta da kyawunta, a faɗa wa jama'a, in ta isa a kafa wurin sarrafa ta a nan, da hannun mutanen wurin a ciki. A kuma hana sare ɗorawa, don bishiyar da ke ba da daddawa da makuba ta fi buhun gawayi daraja.

KAFIN SU FARKA

Amma ba za mu naɗe hannu muna jiran su ba, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗakin da yara ke kwana, a shafa masa fentin ruwa, ko farar ƙasa in bangon ƙasa ne, ba abin kunya a ciki. Bangon ƙasa ma ya fi son ta, don tana barinsa ya sha iska, fentin mai kuwa yana kulle damshi har yaɓe ya kumbura ya zubo. In za ka sayi fentin mai, ka tambayi marar dalma, ka guji wanda ba shi da suna. Ku masu shaguna ku tambayi dilolinku haka nan, in tambaya ta yi yawa za ta kai kunnen masana'anta.

In za a kankare tsohon fenti, a fitar da yara da masu ciki, a jiƙa bangon tukuna, kada a goge shi a bushe ƙura ta tashi. A kwashe ɓawon a binne nesa da rijiya, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a hura wutar girki da tsohon katako mai fenti. Gwangwanin fentin mai ba mazubin ruwan sha ba ne, ba na man gyaɗa ba. Bokitin fentin da mu ke awon tumatir da tattasai da shi a kasuwa, a tabbata an wanke shi tas. Mai sana'ar fenti ya tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. A wanke hannun yara kafin su ci abinci.

Ku kai wannan magana taron reshe, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku faɗa wa mata a gida don su ne masu ɗaki. In mai neman ƙuri'a ya zo da bokiti zai shafe muku bango, ku tare shi a ƙofa ku ce, ranka ya daɗe, kafin ka shafa, faɗa mana abin da ke ciki, ka kuma faɗa mana ran da za a fara aunawa. Kakanninmu ba su yi boko ba, amma sun san abin da ke jikin bangonsu. Mu da muka biya kuɗi muka saya, mun fi cancanta mu sani.

Allah ya tsare mana zuriya, ya ba talaka sawaba. Amin.

Naku,
Ɗan Talaka, Bagudo